Taya Mai Giɓi

Har yau ban manta da ranar da na shiga shagon Usta Jibrin mai taya don a shirya mini mota zuwa ƙasar yashi ba, na fito ina jin haushin kowa. Ku matso, ku da kuka fara riƙe sitiyari jiya-jiya, tunda shayin bai iso ba. Ɗazu na ga ɗayanku yana harbin taya da ƙafa yana gyaɗa kai, wai shi ya gane lafiyarta. Kada ka ji kunya, ni ma da haka na fara.

A shekarun da zinari ya kwashe mana samari ne. Ina tuƙa boksi, wato motar nan mai buɗaɗɗen baya, a wani mashru da ke Simsim. Ga wanda bai san aikin ba, mashru babbar gona ce ta dawa da riɗi wadda tarakta ke nomawa, ka tsaya a wannan baki ba ka hango wancan. Mai gonar, Alhaji, yana zaune a cikin Gadarif, sai jefi-jefi yake leƙowa. Wanda ke kwana a kambo, sansanin ma'aikata, yana raba aiki yana raba abinci, shi ake kira wakili. A ƙarƙashinsa akwai direbobin tarakta, da 'yan shema, wato cire ciyawa, da girbi, sai ni mai jigilar mai da gari da duk wanda zazzaɓi ya kayar.

Wakilinmu Baba Haruna ne, mutumin Mafaza. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana, kuma ba ya son a ce ya fifita nasa. Ɗansa Abbakar yana cikin direbobin tarakta, kuma a duk kambon babu wanda yake shan faɗa kamarsa.

Kun san ƙasarmu. Da rani ta tsattsage har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta zama baƙin taɓo mai kama mutum ya ƙi saki. Shi ya sa kowane mashru yake da tayoyinsa na damina, masu manyan haƙora, waɗanda ake cirewa bayan girbi a jingine a inuwar sito sai wani ruwan. Mu nan da haƙora muke auna taya. Kuma taɓon nan yana riƙe sawu. Motar da ta wuce a ƙarshen damina, sawunta yana nan daskare har rani ya ƙare, ka duba ka ce wannan motar wane ce, ta nufi wuri kaza, da kaya ko babu. Muna karanta sawun taya yadda kakanninmu makiyaya suke karanta na shanu.

Wata rana da damina Abbakar ya ɗauki boksin don ya matsar da ita, ya ja da baya ya hau kan diski, faifan ƙarfen nan da tarakta ke ja yana yanka ƙasa. Faifan ya ɓalle haƙori guda daga tayar baya, sabuwa fil. Ba ta fashe ba, giɓi kawai ta yi. Amma Baba Haruna ya tara ma'aikata, ya karɓe makulli daga hannun ɗansa a gabansu ya miƙo mini.

"Daga yau kada ya ƙara taɓa ta," in ji shi. "Da ɗan wani ne da na ce kuskure ne. Kai kuwa ka ba ni kunya."

Makullin ya yi mini nauyi a hannu. Abbakar ya gama damina, ya gama girbi, sannan ya bi ayarin masu zuwa arewa haƙar zinari. Yakan kira mahaifiyarsa in ya shigo inda waya ke kamawa, ya gaida kowa da suna har da maƙwabta, ban da mutum ɗaya. Tayar kuwa muka sa mata suna Mai Giɓi. Duk inda ta bi sai ta bar jerin haƙora da ɗan fili a tsakani, kamar murmushin tsohuwa, kuma ta ci gaba da aikinta lafiya lau.

Damina biyu suka wuce. A ƙarshen watan Mayu, lokacin da gajimare ya fara taruwa ta wajen Habasha, Baba Haruna ya je wurin Alhaji ya ce yana son ya ga ɗansa. Alhaji bai ja zancen ba.

"Ɗauki motar, ɗauki Idrisu. Ku biya wurin Usta Jibrin ya sa muku abin da ya dace. Ku dai dawo mini kafin shuka, ya Haj."

Idrisun nan ni ne, kuma na yi murna, ba zan ɓoye muku ba. Tun ina yaro nake jin labarin yashi a bakin tsofaffin direbobin lori, ƙasar da babu itace babu iyaka, ban taɓa sa ƙafa ba. Na fito da tayoyinmu na damina daga sito, na wanke su tas, na ɗaura su a motar, muka shigo gari ina taƙama. A tunanina, kuma a tunanin duk wani ɗan Gadarif da za ka tara a hanya, tayar da ta ci taɓon Simsim babu ƙasar da za ta gagare ta. Usta Jibrin kawai nake so ya ƙara mana safaya da tub.

Shagonsa yana unguwar makanikai, tayoyi jibge har rufi. Shi ya yi ƙuruciyarsa a kan hanyoyin Kurdufan kafin ya zauna a nan. Ya zagaya motar, ya durƙusa ya shafa haƙoran, ya ɗago.

"Ina za ku da wannan lastik, ya zol?" in ji shi, yana nuna tayoyin.

"Bayan Abu Hamad, wajen masu zinari."

"Kabari za ku je haƙa?"

Raina ya ɓaci. Na fara lissafa masa wuraren da tayoyin nan suka fitar da ni, ya bar ni na gama, sannan ya ja ni bayan shago inda wani maƙwabcinsa ya zube yashin gini. Ya ce in tanƙwasa yatsuna in danna in ja. Hannuna ya nutse har wuyan hannu. Ya ce to in shimfiɗa tafina in danna da duk ƙarfina. Na danna, tafin ya zauna a sama.

"Halas, shi ke nan," in ji shi. "Taɓo ana cizonsa, yashi kuwa ana kwanta masa. Haƙoran nan da kake alfahari da su, a can kowane ɗaya shebur ne."

Ya ciro tayoyin da yake nufi. Wallahi da na gan su sai da na ji kunya ta kama ni. Masu faɗi ne, fuskarsu kusan sumul, 'yan layuka ne kawai suka bi tsawonsu. A Simsim in ka shigo da irinsu, cewa za a yi maigidanka ya karye, har masu yanka takalmin taya za su fara yi maka fara'a. Usta ya bi da ni abu-abu. Ya ce in duba fuska, kada ta zama mai tono. In duba gefe, ya zama mai laushin da zai buɗe in an rage iska, amma mai kaurin da dutse ba zai yaga ba, domin saharar can rabinta yashi ce rabinta duwatsu masu kaifi. In duba lambar da ke gefe mai nuna shekarar da aka yi tayar, don tayar da ta daɗe a ajiye ko ba ta taɓa taka ƙasa ba tsohuwa ce, kuma kwalta mai zafi ba ta yi wa tsohuwa uzuri. Ya ba mu safaya biyu da famfon hannu da farantai biyu na ƙarfe da ake shimfiɗa wa taya in ta nutse. Abu na ƙarshe da ya ce shi ne mu rage kaya, duk abin da ba ruwa ba ne ba mai ba ne, mu bar shi.

Aka cire tayoyin damina aka ɗaura na yashi. Na ce a gangara da namu cikin shago, in mun dawo mu ɗauka, tunda daga arewa har Gadarif kwalta ce, sai daga nan taɓon yake farawa. Baba Haruna, wanda tun zuwanmu yake zaune a kan benci, ya miƙe.

"A ɗora su a baya."

"Baba, ka ji abin da Usta ya ce."

"Na ji. A ɗora su."

Usta Jibrin ya ce, "Ya Haj, nan za ku biyo in kun dawo. Ba mai taɓa su."

"Allah ya saka da alheri. Idrisu, ɗaure su da kyau, Mai Giɓi a sama."

Na ɗaure su ina ƙunƙuni. Na bar jarkar ruwa guda don su samu wuri, abin da ya fi ci mini rai kenan. Na ce a zuciyata tsufa ya fara taɓa wakilinmu.

Tafiyar kwalta ba ta da wani labari, sai zafi da tsayawa a inuwa don tayoyi su huce. Bishiyoyi suka dinga gajarta har suka ƙare. Bayan Abu Hamad muka sauka a kasuwar masu zinari, muka yi cigiya, aka ce Abbakar Bahaushe mai tsohuwar boksi yana can ciki yana jigilar buhunan dutse. Wani mai tankar ruwa da zai bi ta wajen ya ce mu biyo shi, kada mu bari ya ɓace mana.

Inda ƙasa mai tauri ta ƙare na tsaya na rage iska kamar yadda aka koya mini. Ba da son raina na yi ba, domin duk rayuwata an koya mini cewa taya mai ciki taya ce mara lafiya. Na dinga saki har kowace ta baje ƙasa. Na shiga, na sa giya, na taka a hankali.

Yara, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ƙarar da na saba ji a ƙarƙashina tun da na fara tuƙi ta ɗauke. Babu girgiza, babu kokawa da sitiyari. Motar ta dinga tafiya tana lilo kamar kwalekwale a kan kogin Rahad lokacin da ruwa ya kwanta. Gaba fari, hagu fari, dama fari, sama kuma babu ko tsuntsu. Can nesa tankar ruwan ta rabu da ƙasa, tana shawagi a kan wani tafki mai sheƙi wanda babu shi, wani lokaci ta tsage biyu, wani lokaci ta yi tsawo kamar hasumiya. Na daina sanin ko muna tafiya ko muna tsaye. Na tsinci kaina ina tuna abubuwan da na manta da su, muryar kakata tana kiran awaki, ƙanshin ƙasa ranar ruwan farko, wata riga shuɗiya da na taɓa so a kasuwar Doka ban saya ba. Daɗi ya cika ni, da wani tsoro siriri a ƙarƙashinsa.

Baba Haruna bai kalli gaba ba. Ya juya yana kallon baya ta gilashi, ya daɗe a haka.

"Idrisu, dubi sawunmu."

Na duba ta madubi. Layuka biyu marasa zurfi, iska tana jan yashi a kansu a hankali, kafin ido ya kai ƙarshensu sun shafe.

"Ƙasar nan ba ta riƙe kowa," in ji shi. "Mutum ya zo ya tafi, ba ta sani ba."

Daga nan bakinsa ya buɗe, abin da ban taɓa gani ba a shekarun da muka yi tare. Ya ce kakansa ya taso daga yamma da ƙafa da niyyar hajji. Guzuri ya ƙare masa a bakin Rahad, ya ce bari ya yi noma damina ɗaya ya ci gaba. Damina ɗayan nan ita ce har yau. A Mafaza aka binne shi, da sandar tafiyarsa jingine a ɗaki. Bai isa gabas ba, bai koma yamma ba, kuma har ya rasu in an tambaye shi cewa yake shi matafiyi ne.

"Mu jikokin waɗanda suka ce gobe ne," in ji Baba. "Na san yadda abin yake. Ba wanda ke yanke shawarar ba zai koma ba. Kullum dai akwai ɗan abin da ya hana. Yau ruwa, gobe hanya, jibi kunya."

A daidai nan muka shiga wani kwari mai yashi laushi kamar gari, bayan motar ya zauna. Nauyin tayoyin nan huɗu ne, ba wani abu ba. Na yi abin da ɗan Gadarif ke yi, na taka mai, ta ƙara nutsewa, sannan na tuna na ɗaga ƙafa. Mai tanka ya hango mu ya tsaya can kan tudu yana jira.

Na fito ina huci. "Baba, ka gani? Mu sauke su mu bar su a nan. In Allah ya sa mun same su a dawowa, to. In ba mu same su ba, ni zan yi wa Alhaji bayani."

"Mu sauke su," ya ce. Na ji sanyi. Sai ya ƙara da cewa, "Ka fitar da motar ka kai ta kan tauri. Ni zan kawo su."

Na tone gaban tayoyi, na shimfiɗa farantan, na ƙara rage iska, motar ta fito kamar ba ita ba. Da na kai ta kan tudu na waiwaya, sai ga dattijon nan da rawaninsa ya kwance, ya tsayar da Mai Giɓi yana gangaro ta cikin yashi da hannu biyu. Ta faɗi, ya ɗaga. Ta sake faɗi, ya sake ɗagawa. Zafin da ke tashi daga ƙasa ya sa shi da tayar suna rawa a idona, kamar a mafarki. A bayansa ga sawunta, haƙori, haƙori, giɓi, iska tana bi tana cikewa. Haushina ya mutu nan take, tausayi ya maye gurbinsa, ko da yake har lokacin ban gane komai ba. Na sauka na ɗauko sauran ukun, mai tanka ma ya zo ya kama mana yana girgiza kai.

Mun sami Abbakar da hantsi, a wata rumfar buhuna kusa da ramuka. Ya rame ya yi duhu, gemu ya fito masa, ƙura har cikin gashin ido. Da ya ga wanda ya fito daga motar sai ya tsaya cak. Sannan ya zo ya durƙusa.

"Baba. Lafiya? Inna fa?"

"Lafiya lau. Tana gaishe ka."

Ya shimfiɗa mana buhu, ya dafa shayi. Na zauna ina jira in ji yadda za a fara. Baba Haruna ya ba shi labarin saniyar da ta haihu, da rufin da aka sake wa ɗakin mahaifiyarsa, da wanda ya yi aure da wanda ya rasu. Abbakar yana amsawa da to, da Allah sarki, idonsa a kan kofi. Suka ci abinci, suka yi azahar. Baba ya tashi ya zagaya tsohuwar boksin ɗansa, ya durƙusa ya daɗe yana duba ƙafafunta. Kalmar gida ba ta fito daga bakinsa ba, balle ka dawo. Ni kuwa na ce a raina: Mun keta rabin ƙasa, mun kusa barin mota a rami, don a zo a yi hirar saniya?

Da rana ta karkata mai tanka ya aiko cewa zai juya. Baba ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Idrisu, sauke."

"Me zan sauke, Baba?"

"Tayoyin. Duka huɗun."

Na kwance igiya na gangaro da su gaban rumfar. Mai Giɓi ce ta fara sauka, ta yi ɗan juyi ta kwanta a gaban Abbakar, giɓin yana sama. Ya kalle ta. Ya tsuguna ya sa babban yatsansa a cikin giɓin.

"Na duba, ƙarfen ƙafar motarka ɗaya ne da namu, za su zauna," in ji Baba Haruna, yana kallon wani wuri daban. "Ka sa su a inuwa, ka rufa musu buhu, rana tana cin roba. Ruwa ya kusa sauka. Da irin lastik ɗin da ke ƙafarka ba za ka wuce bakin Gadarif ba."

Abbakar bai ɗago ba.

"Wannan kuma," Baba ya nuna ta da sandarsa, "damina biyu ta yi da giɓin nan, ba ta taɓa barinmu a hanya ba. Ashe ba wani abu ba ne. Ni ne na mai da shi wani abu."

Ya juya ya shiga mota ya rufe ƙofa. Sai a lokacin na gane abin da na yi ta ɗauka ina ƙunƙuni tun daga Gadarif. Na tayar da mota idona yana yaji, na ɗora wa ƙura laifi. A madubi na ga Abbakar tsugune inda muka bar shi, har kawalwalniya ta ɗauke shi ta narkar.

Dawowa motar ta yi sauƙi, ba mu nutse ko sau ɗaya ba. Amma ruwan farko ya riga mu isa. Na ce mu tsaya Usta Jibrin ya ara mana wasu tayoyin, Baba ya ce hadarin bai yi ƙarfi ba, mu wuce. Muna barin kwalta muka hau hanyar Simsim, tayoyin yashin nan da suka yi mini sarauta a arewa suka zama sabulu. Motar ta dinga juya gindi tana kallon inda ta fito, daga ƙarshe ta zame cikin kwata ta kwanta. Tarakta ce ta zo ta ja mu har kambo, ma'aikata suna tafi suna tambaya ko zinarin ne ya yi mana nauyi. Da Alhaji ya ji inda tayoyinsa suke, sai ya tambayi Baba, "Ya ce zai zo?" Baba ya ce bai ce ba. Alhaji ya ce, "Malesh, ba komai," ya aiko mana da wasu.

Aka yi shuka babu Abbakar. Aka yi shema ta farko babu shi. Na lura duk safiyar da ruwa ya kwana, Baba Haruna yakan fita bakin hanya da sandarsa, wai duba magudana yake, kansa a ƙasa. Babu wanda ya yi masa magana a kai. Ni kaina na fara cewa a raina tayoyin nan suna can rana ta gasa su, ko an sayar.

A tsakiyar watan Agusta, lokacin da hanya ta fi muni, ina dawowa daga gari da mai da safe bayan ruwa. Dawa ta kai gwiwa, kore ko'ina, hazo kwance a kan gonaki. Tun daga inda aka bar kwalta na ga wata mota ta riga ni, ta yanka taɓon ta wuce ba ta ko yi tangaɗi ba. Na ce wane ne wannan gwanin? A wata mararraba na tsaya na leƙa ta taga. Haƙori, haƙori, haƙori, giɓi.

Na fito na tsuguna a cikin taɓon da sabon wandona, na bi da ido. Giɓin yana dawowa a kowane juyi, a ƙafar baya ta hagu, inda take zama a tamu motar. Ban san lokacin da na fara dariya ni kaɗai ba. Na bi sawun nan har kambo, ban yarda tayata ta taka shi ba.

Tsohuwar boksin tana tsaye a gaban sito, taɓo har gilashi. Daga cikin rumfa ina jin hayaniyar ma'aikata da muryar Abbakar a tsakiyarsu. Baba Haruna kuwa yana waje, a bakin hanya. Sun riga sun gaisa, aka ce mini daga baya, gaisuwa gajeriya irin tasu. Ya ɗauko babban daron da ake kwaɓa gari a ciki, ya kife shi a ƙasa, yana ɗora masa dutse.

"Baba, me aka rufe?"

Ya ɗaga gefen daron kaɗan. Sawun ne, daidai wurin giɓin, sabo, ruwa yana ƙyalli a cikinsa.

"Kada shanu su taka," ya ce. "In ya samu rana zai bushe."

Ya bushe kuwa. Mai girki ya yi ta mitar daronsa har ya gaji ya sayi wani. Sawun ya daskare kamar an sassaƙa shi, ya yi rani cur a wurin, kowa yana kewaye shi, sai da ruwan shekara mai zuwa ya narkar da shi. Ba zan ce muku Abbakar ya bar zinari ba. Bayan girbi ya koma arewa. Amma ya bar tayoyin a sitonmu a wancan karon, kuma tun daga lokacin hadari ba ya fara taruwa sai ga shi, kafin hanya ta rufe.

To, ga abin da na ɗauka daga tafiyar nan. Taya ba ta da kyau ko muni sai an faɗi ƙasar da za ta taka, kuma wadda za ta kai ka ba lallai ta dawo da kai ba. In mutum ya zo muku zai yi doguwar tafiya, kada ku tsaya a ina za ka. Ku tambaye shi yaushe zai dawo, ta wace hanya, kuma wa ke jiransa. Mutanenmu ba su iya cewa na yi kuskure ba, ba su iya cewa ina kewarka ba. Sai dai su ɗora maka kaya mai nauyi a bayan mota su ƙi faɗin dalili. In dattijo ya yi muku haka, ku ɗaure kayan da kyau ku yi shiru.

Baba Haruna ya rasu shekarun baya, a Mafaza, da damina. Hanya ta rufe ranar, motoci da yawa sun kwana a taɓo. Abbakar ya iso kafin a ɗauke shi.